Kwando Bai San Yaya Ba

Da ba don abin da ya faru a zaman makokin Alhaji Bala ba, da na tafi kabarina da wannan labarin kamar yadda babanku ya tafi da shi. Yayarku Baturiya ce ta dawo daga ta'aziyyar idonta jawur, ta zauna a bakin gadona ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce tana daga ɓangaren mata ta jiyo Alhaji Garba a ƙofar gida yana yabon marigayi, wai mutum ne mai haƙuri, shi ya tarbi babanku a filin jirgi a Landan, ya samar masa wurin zama, ya sa shi cikin kamfani, ƙarshe babanku ya saka masa da butulci a gaban jama'a. Ta ce mutane sai girgiza kai suke. Sannan ta dube ni ta tambaye ni wai gaskiya ne. Mace mai jikoki tana tambayar ko ubanta butulu ne. Kuma a ce Garba ne mai faɗa, Garba da ke zaune a falona ranar da abin ya faru, hannunsa cikin farantin cincin ɗina, bakinsa gum kamar an ɗinke. To tunda shi ya sami bakin magana bayan shekara arba'in da ɗoriya, ni ma nawa bai mutu ba.

Ina amarya muka zo Landan, a shekarun da kuɗin man fetur ya ɓalle a gida, gwamnati tana ta turo samari karatu. Babanku harkar jigilar kaya ta jirgin ruwa ya zo karanta a wata kwaleji a kudancin birnin. Alhaji Bala, wanda a lokacin muke kira Yaya Bala, ɗan unguwarsu ne, ya girme shi da shekara goma sha ɗaya, ma'aikacin gwamnati ne da aka turo kwas a kwalejin. Ba zan rage masa ko ƙwayar zarra daga alherinsa ba, don Allah yana kallona. Shi ya tarbe mu, shi ya samo mana gidan hayar nan na unguwar Peckham a saman shagon mai gyaran takalma. Matarsa Anti Ladi ita ta koya mini shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ta nuna mini inda ake samun naman yanka. Da na haifi Baturiya ba uwa ba kaka a kusa, ita ta riƙa zuwa kullum da safe tana ɗora manyan tukwane biyu a kan gas, ta yi mini wankan jego a bahon Turawa har na yi arba'in. Duk wannan gaskiya ne. Abin da Garba bai faɗa ba shi zan faɗa.

Kwalejin tana da ƙungiyar ƙwallon kwando, kuma da sanyi ya shigo ake fara gasar kwalejoji, wanda aka ci ya fita. Kocin, wani gajeren Bature mai sanƙo da ake kira Mista Holt, da ya ga dogayen 'yan Arewa suna yawo a harabar makaranta sai ya kwashe su. Su biyar suka zama 'yan farko: Yaya Bala kyaftin, babanku, Garba, Lawal, sai Isiyaku, Bahaushen zangon Kumasi mai cewa da ni, “Madam, abincinka ya yi daɗi,” ina dariya ina ce masa ni mace ce. Da farko abin haushi ya ba ni, magidanta riƙaƙƙu suna guje-guje da ɗan kamfai. Na zauna na ɗinka wa babanku wando mai rufe gwiwa, na ce ko Turawa za su mutu da dariya ba zai nuna al'aurarsa ba. Sun kuwa yi dariyar, amma kafin wata guda duk su biyar ni na ɗinka musu. Ni ke wanke rigunan ina shanya su a kan hitar ɗumama ɗaki, ni ke soya cincin da dambun nama, kuma duk Asabar ina can saman benci da Baturiya a goye, Anti Ladi a gefena.

Mai zama a sama yana ganin abin da 'yan cikin fili ba sa gani. Na lura kowa da aikinsa. Isiyaku shi ne mai gudu, shi ke kawo ƙwallo. Garba da Lawal su ke tare abokan gaba. Yaya Bala duk ya fi su tsawo, in ƙwallo ta daki katako ta dawo ba mai riga shi cafewa, amma hannunsa ba shi da saiti. Saiti na babanku ne. Allah ya yi masa hannu, in ya ɗaga ƙwallo sai ka ji ragar ta yi ɗan shuu, shi ke nan. Sai dai akwai kalma guda da ke rusa duk wannan tsarin. Da zarar Yaya Bala ya ce “Kawo,” to ƙwallo ta tafi gare shi, ko yana ina, ko mutum uku sun rufe shi. Ba wanda ya taɓa ƙi. Wata Asabar Mista Holt ya hauro har inda nake, don ya san Turancina na sakandare ya fi nasu tsabta, ya tambaye ni mece ce wannan “kawo” da ke cinye masa maki. Na ce masa ba kalmar ba ce, kara ce. Na yi ta laluben yadda zan fassara masa kara, na ce ita ce ka bar haƙƙinka don kada babba ya ji kunya. Ya shafa sanƙonsa, sannan ya ce in gaya wa mijina kwando bai san wane ne yaya ba. Ban gaya masa ba. Ni ma karar ce ta hana ni.

Duk da haka sai da suka kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da kwalejin ba ta taɓa yi ba. Zauren ya cika maƙil, har 'yan Najeriya da ba su san ƙa'idar wasan ba sun zo da manyan riguna a kan suwaita. Saura ƙiris a tashi, ana gabansu da maki ɗaya. Isiyaku ya fizge ƙwallo ya sheƙa, ya wurga wa babanku. Babanku yana tsaye a ƙarƙashin kwando shi kaɗai tilo, ba kowa a kusa da shi, ko Baturiya aka ɗaga sama za ta saka. Na riga na miƙe tsaye. Sai daga can tsakiyar fili na ji muryar nan.

“Kawo!”

Na ga kafaɗar babanku ta tsaya. Na ga ya kalli kwando, ya kalli baya. Ya juya ya mayar da ƙwallo. Yaya Bala ya jefa daga nesa, ko bakin ƙarfen ba ta taɓa ba, alƙali ya busa usur. A bas muna dawowa Yaya Bala ya ce ƙaddara ce, ya ƙara da cewa da Isiyaku ya ba shi da wuri da an ci. Da muka isa gida na tambayi babanku me ya sa, sai ya ce mini, “Rabi, ƙwallo ce fa. A kan ƙwallo zan ba Yaya kunya a gaban Turawa?” Na ce haka ne, har na ji ya ƙara girma a idona. Ƙwallo ce kawai, ba wanda ya mutu.

Da bazara Yaya Bala ya tara su ya ce hannun da ya yi wasa tare ya kamata ya ci tare. A gida mutane na neman kaya ido rufe, kome ka tura za a saya. Suka kafa kamfani su biyar, suka raba aiki kamar a fili. Isiyaku ya san kasuwar Deptford da 'yan dako na bakin kogi. Garba da Lawal su ke da 'yan'uwa masu rumfa a Kano. Yaya Bala ya san manya a ofisoshin wajen Charing Cross. Babanku shi ke cika takardun jirgi, kuma sai da sa hannunsa kaya ke tashi. Duk Lahadi bayan azahar a falona suke zama. Suka tura kekunan ɗinki, suka tura fankoki, kome ya tafi lafiya, har na fara cewa ashe wasan yaran nan ya yi rana.

Sai ga maganar madara. Yaya Bala ya haɗu da wani dillali mai sito cike da madarar jarirai ta gwangwani, yana neman rabuwa da ita da araha. Ya kawo mana gwangwani guda na gwaji, ya ce kyauta ce ga 'yarsa Baturiya, wadda a lokacin nake shirin yaye ta. Washegari da safe na ɗauko zan dama mata. Ni kuwa tun a makaranta malamar koyon girki ta sa mana ɗabi'ar juya gwangwani a duba gindinsa. Na juya. Saura wata uku madarar ta lalace. Na tsaya da cokali a hannu, don duk wasiƙar da ke zuwa daga gida maganarta guda ce: jiragen siminti sun toshe tashar Legas, jirgi sai ya yi wata shida, wata bakwai, yana jira a kan ruwa cikin zafin rana. Ba sai an yi karatun jirgin ruwa ba za a gane abin da zai isa Kano. Kuma wa zai saya? Matan unguwarmu, waɗanda suka yarda duk abin da ya fito daga Ingila lafiya ne, waɗanda ba wanda ya koya musu juya gwangwani, in ma sun juya ba za su iya karantawa ba.

Na kai wa babanku yana ɗaura takalmi. Bai ko karɓa ba, ya sunkuyar da kai. Ashe ya sani. Ashe har sau biyu ya bi Yaya Bala gida, su biyu kawai, ya yi masa bayani cikin ladabi. Na farko Yaya Bala ya ce masa jirginsu zai sami hanya, ya san mutane. Na biyu ya ce masa shi yaro ne bai san kasuwa ba, kuma a Kano wa ke duba gindin gwangwani, in ta kama ma ai ana iya liƙa takarda a wurin. Ya ce ya kawo takardun ranar Lahadi a sa hannu. Na tambayi babanku to me zai yi, ya ce yana ta istihara, don mutumin da matarsa ta yi mini wankan jego ba a ɗaga masa murya. A rayuwata ban taɓa yi wa babanku magana da zafi ba sai ranar, kuma Allah ya yafe mini.

“Malam, ya sake ce maka kawo ke nan,” na ce. “Waccan ka ce ƙwallo ce. Wannan fa? In za ka sa hannu, to bari in fara dama wa Baturiya bayan wata bakwai, ka ba ta da hannunka.”

Ya ɗauki 'yarsa daga kan tabarma ya daɗe yana kallonta, ya ajiye ta ya fita.

Lahadi ta zo. Na yi shayi, na zuba cincin, na ɗora gwangwanin a tsakiyar tire, a kife, gindinsa a sama. Na shiga da sallama na ajiye na koma bakin ƙofar kicin, ban ce wa kowa kome ba. Wannan shi ne laifina a cikin labarin, kuma na ɗauka. Yaya Bala yana ta raha, yana tsokanar Lawal wai tun da aka bar wasa tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki. Ya miƙa hannu wajen babanku ba tare da ya ko kalle shi ba, ya ce ya kawo takardun. Babanku ya riƙe su a cinyarsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa, idonsa a kan kafet, yadda ƙani ke yi wa wa magana.

“Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan sa hannu ba. Na same ka sau biyu a gida. Yanzu 'yan'uwa su duba gindin gwangwanin nan, kowa ya faɗi abin da ya gani, tunda kamfanin na mu biyar ne.”

Isiyaku ya ɗauka ya duba, ya yi salati, ya ce, “Yaya Bala, wannan bai yi kyau ba. Madam ya yi gaskiya.” Ya miƙa wa Lawal, Lawal ya duba ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Garba ko taɓawa bai yi ba. Ya ci gaba da tsintar cincin. Daga baya na ji ashe tun farko ya sani, rumfar yayansa ce ma za ta karɓi kayan. Yaya Bala ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fitila.

“Ni za ka tona a gaban yara? Ni da na tsince ka a filin jirgi kana rawar sanyi da 'yar shara? Yau ni mace za ta kifa wa gwangwani?”

“Ban manta ba, Yaya,” in ji babanku. “Har in mutu ba zan manta ba. Amma 'ya'yan mutane ne za su sha.”

Yaya Bala ya juya ga sauran ya tambaye su ko akwai mai goyon bayan wannan rashin kunyar. Nan ne wurin da har yau in na tuna zuciyata ke tafasa. Mutum uku suna zaune, duk sun san gaskiya. Da Garba da Lawal sun buɗe baki sun ce Yaya a haƙura a nemi wani kayan, wallahi da ya sauko, don shi ba mugu ba ne, mutum ne da aka saba miƙa wa ƙwallo har ya ɗauka hannunsa ba ya kuskure. Su suka lalata shi da kararsu, mu ma da tamu. Isiyaku kaɗai ya yi magana, shi kuwa Yaya Bala ya ce masa ɗan zango bai san tarbiyyar Hausa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, Garba da Lawal suka bi bayansa, ko sallama ba su yi mini ba.

Madarar ba ta tashi ba, don ba sa hannu, kuma kafin su samo wani mai cika takarda dillalin ya sayar wa masu kiwon maruƙa. Kamfani ya watse. Cikin mako biyu labari ya zaga duk gidajen 'yan Arewa na Landan, wai babanku ya so ƙwace kamfani, da aka hana shi ya ci mutuncin ubangidansa. Ba wanda ya ambaci madara. Da Sallah ta zo, mu da muke cika gidan Yaya Bala da girki, sai muka ci tuwonmu mu uku, sai Isiyaku da ya zo da ledar lemo. Na haɗu da Anti Ladi a Rye Lane tana zaɓar doya, na durƙusa har ƙasa a kan titin Turawa na gaishe ta, ta kawar da kai ta ce wa mai doyar ya auna mata. Matar da ta cuɗa mini baya kwana arba'in. Na zo gida na yi kuka har na gode Allah, na ce wa babanku zan bi gida-gida da gwangwanin nan in nuna wa kowa. Ya hana ni. Ya ce Yaya ya rufa mana asiri ranar da ba mu da kowa, mu ma za mu rufa nasa, sunansa kuwa Allah ya san shi. Ya sa na yi masa alkawari.

Kun san sauran. Alhaji Bala ya koma gida ya kama kwangila ya yi arziki, Garba ya bi inuwarsa ya yi nasa. Babanku ya yi aikin albashi har ya yi ritaya, a tsohuwar motar nan da kuke jin kunyar a kai ku makaranta a ciki. Duk Sallah sai ya je gaida Alhaji Bala, a bar shi a zaure ya gaji da zama ya dawo, bai taɓa fasawa ba. Ni kuwa na riƙe alkawari, ina ji ana yi mana kallon butulai a wajen biki da suna ina haɗiyewa. Amma alkawarin na rufa asirin mai rai ne, ba na barin ƙarya ta hau kan marayu ba. Allah ya jiƙan Alhaji Bala, ya duba tukwanen ruwan zafin da matarsa ta ɗora mini, ya yafe masa. Garba kuwa yana raye, kuma na sa a kai masa wannan rubutun kafin kowa. In akwai harafi guda na ƙarya, ya zo ya same ni.

Kai Sadiƙu, kai ne babba a kamfanin da kuka kafa da ƙannenka, kuma kunnena na jiyo yadda suke shiru in ka yi magana. Kada shirun nan ya yi maka daɗi. In ƙaninka na tsaye a ƙarƙashin kwando, haɗiye “kawo” ɗinka ka bar shi ya jefa. Ku kuma ƙannen, ku durƙusa ku gaida yayanku, ku ɗaukar masa jaka, ku bar masa kujerar gaba, duk wannan haƙƙinsa ne. Amma ranar da kara za ta cuci wanda ba ya cikin ɗakin, ku riƙe takardunku a cinya, ku ce masa a'a, murya ƙasa-ƙasa, kamar yadda ubanku ya yi.

Ke kuma Baturiya, da kika tambaye ni ko gaskiya ne. Tsohon gwangwanin nan da nake zuba maɓallai da allura, wanda kuka yi ta kaɗawa kamar ganga kuna yara, wanda sau uku kina cewa in jefar kin sayo mini na roba, yana nan a cikin kabad, bayan zannuwan gado. Naki ne, tun asali ma ke aka kawo wa. Ki zube maɓallan a tire, ki juya shi, ki karanta gindinsa.